Maganin azitromaisin: ina gaskiya, ina ƙarya?

Daga kasuwar Shinkafi zuwa majalisun Zurmi da Kaura Namoda, duk maganin da aka raba kyauta sai an yi ta maganganu a kansa. Azitromaisin, wanda aka fi sani da Zithromax, yana cikinsu. Zamfara na daga jihohin da aka raba shi domin yaƙi da amosanin ido, ciwon da ke lanƙwasa gashin ido ciki har ya kai mutum ga makanta. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa ba su da shi, kuma rarrabe su zai iya ceton idon yaro ko ransa.

"Ba a san asalinsa ba." Ƙarya ne.

Azitromaisin ɗan gidan magungunan da ake kira makrolaid ne. Abin da ya haɗa su shi ne ƙirarsu: wani babban zobe na ƙwayoyin zarra. Kakansu, eritromaisin, an samo shi ne daga wata bakteriya da ke cikin turɓayar Iloilo ta ƙasar Filifin, ya shiga kasuwa a 1952. Zobensa na da ƙwayoyi 14. A 1980 masanan kamfanin Pliva da ke Zagreb suka ƙara masa naitirojin, zoben ya zama 15. Wannan ƙarin ya sa tsamin ciki ba ya saurin lalata shi, kuma yana daɗewa a jiki. Aikinsa shi ne hana bakteriya ƙera furotin da take rayuwa da shi.

"Shi ne maganin da ya kashe yara a Kano." Ƙarya ne, amma tsoron yana da dalili.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano a wani gwaji na yara kusan 200, 11 suka rasu. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Gaskiya ne kuma Pfizer ɗin ne ke bayar da Zithromax kyauta tun 1998. Sai dai Trovan da azitromaisin ba gida ɗaya suke ba, ƙirarsu da aikinsu daban ne. Shi azitromaisin an shafe sama da shekara 30 likitoci na rubuta shi a duniya, har a Amurka da Turai.

"Yana hana haihuwa." Ƙarya ne.

Babu binciken da ya nuna haka. Hasali ma da shi ake maganin wani ciwon sanyi da kan toshe wa mace hanyar ƙwai idan aka bar shi, kuma likitoci na ba mai juna biyu idan buƙata ta taso.

"Yana rage mutuwar yara." Gaskiya ne.

A wani babban bincike da aka wallafa a 2018, an riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin sau biyu a shekara a Nijar, Malawi da Tanzaniya. Mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 gaba ɗaya, a jihar Dosso ta Nijar kuwa da kusan kashi 18. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce za a iya duba yiwuwar ba jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da yara ke yawan mutuwa.

"Yana maganin ciwon daji." Ƙarya ne.

Wataƙila ruɗanin daga dangantaka yake. Akwai makrolaid da aka samo daga halittun teku. A 1986 masanan Japan suka fitar da halikondirin B daga wani soson teku, kuma a kan ƙirarsa aka haɗa Halaven, maganin kansar nono da Amurka ta amince da shi a 2010. Wannan yana hana ƙwayoyin kansa rarrabuwa ne, azitromaisin kuwa da bakteriya yake faɗa. Zama 'yan gida ɗaya bai sa aikinsu ya zama ɗaya ba.

"A sha shi ga kowane ciwo." Wannan ce ta fi haɗari.

Ba ya maganin mura, domin ba bakteriya ke kawo ta ba. Ba shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro ba. A amai da gudawa yana iya taimakawa, amma ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a asibiti su ne kan gaba wajen ceton rai. Azitromaisin yana iya sa tashin zuciya ko gudawa, kuma mai ciwon zuciya ya sanar da likita kafin ya sha. Masu binciken Nijar da kansu sun ga ƙwayoyin cuta na ƙara bijire masa inda aka yawaita bayar da shi. Duk wanda ya saye shi a kemis ba tare da takardar likita ba, ya sha biyu ya ajiye, yana taimaka wa cutar ne ta koyi jure maganin.

Iyaye, idan ma'aikatan lafiya suka zo da shi, ku tambaye su dalili da adadin da ya dace da yaro, sannan ku karɓa. Idan ba su suka ba ku ba, kada ku saya da kanku. A kuma riƙa wanke wa yara fuska da kau da ƙazantar da ke tara ƙudaje, domin magani kaɗai ba zai kawar da amosanin ido ba.