Yadda ake yin gilashin taga a kan narkakkiyar kuza

Gilashin tagogi da madubai da na motoci, kusan dukkansa hanya ɗaya ake bi wajen yin sa a yau. Wani injiniya ɗan Ingila, Alastair Pilkington, ne ya ƙirƙiro ta, aka kuma bayyana ta ga duniya a 1959. Kafin nan, sai an zuba narkakken gilashi a kan teburin ƙarfe, a murje shi, sannan a yi ta gugar fuskokinsa biyu har su yi santsi, aikin da ke cin lokaci da kuɗi.

Tushen gilashi yashi ne mai tsabta, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na haɗin. Ana ƙara masa soda, dangin kanwa, don ya narke da sauƙi, da dutsen farar ƙasa don ya yi ƙarko, da kuma fasasshen gilashi. A dafa su a tanderu mai zafin digiri 1,500 ko fiye, har su koma ruwa mai kauri kamar zuma.

Daga nan sai a kwarara shi a kan wani dogon kwami cike da narkakkiyar kuza. Da yake kuza ta fi gilashi nauyi, sai ya hau kanta ya bazu, kamar yadda man gyaɗa ke yi a kan ruwa. Shi ya sa yake fitowa sumul, sama da ƙasa, ba tare da guga ba. Idan aka bar shi, kaurinsa kan tsaya a wajen milimita 6 zuwa 7. Idan ana son siriri, sai a ƙara saurin jansa.

Yana barin kuzar da zafin digiri 600, ya shiga wani dogon rami inda yake hucewa a hankali. Wannan hucewar ce ke sa mai yankan gilashi a kasuwa ya iya jan layi ya karya shi daidai. Wanda ya huce da gaggawa tsagewa yake yi yadda ya ga dama.

Tanderun ba ya hutawa: idan aka kunna shi, dare da rana yake ci har fiye da shekara 10, domin in gilashin ya daskare a ciki an yi babbar asara. Saboda haka masana'antar ke buƙatar gas ko man da ba ya yankewa. A Afirka akwai irinta a Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu, amma gilashin da ake sayarwa a Yamai ko N'Djamena daga waje ake shigo da shi, kuɗin dako da na abin da ya fashe a hanya duk suna cikin farashinsa.