Yadda Ake Gina Allon Bayanan Kasuwanci

A babban kamfani, alƙaluma a warwatse suke. Lissafin ciniki yana wata manhaja, na sito yana wata, albashi kuwa yana fayil ɗin Excel a kwamfutar akawu. Allon bayanai, wanda ma'aikata ke kira dashbod, shafi ne guda da ke tattaro su ya nuna su cikin zane, yadda manaja zai duba sau ɗaya ya san halin da ake ciki, kamar direba ya kalli allurar mai.

Manhajojin wannan aiki babbar kasuwa ce. An kafa Tableau a 2003, kamfanin Salesforce ya saye shi a 2019 kan kimanin dala biliyan 15.7. Microsoft ya fito da Power BI ga kowa a 2015. A Najeriya, ma'aikatan lafiya sun fi sanin DHIS2 ta Jami'ar Oslo, inda ake shigar da rahoton wata-wata na asibitoci.

Sai dai zanen shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana wurin janyo bayanai, a tace su, a zuba su a rumbu ɗaya. Wani ya rubuta "Kano", wani "Kno", wani "Kano City", kwamfuta kuwa ta lissafa garuruwa uku. Kwanan wata 03/04, a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a namu 3 ga Afrilu. Idan ba a lura ba, cinikin wata guda ya koma wani watan.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta iya warwarewa. Kayan da aka ba dila bashi, ciniki ne? Sashen sayarwa yana ƙirga su tun ranar da mota ta bar sito, sashen kuɗi kuwa sai kuɗin sun shiga banki. Muddin shugabanni ba su tsayar da magana ɗaya ba, kowa zai zo taro da nasa adadin, a ƙare da musu.

Bayan nan sai a zaɓi alƙaluma kaɗan, da irin zanen da zai nuna su. Layi ya fi dacewa da hawa da saukar ciniki, sanduna kuma da kwatanta rassa. Da'irar da aka yanka gida goma sha biyu, ado ce kawai. A taƙaita izini, manajan reshe ya ga nasa kaɗai, sannan a rubuta lokacin da aka sabunta bayanan a saman allon, domin idan manaja bai san cewa adadin na makon jiya ne ba, zai yi odar kaya a kansa.