Kafin alƙali ya yanke hukunci, wa ke ciyar da yaran?

Duk mai bin labaran kotu a jaridu ya saba da sunan Kotun Shari'a ta Magajin Gari da ta Rigasa da ke garin Kaduna, domin da wuya mako ya wuce Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya bai kawo rahoton wata shari'ar aure daga ɗayansu ba. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mace ta nemi a raba aure saboda duka ko rashin ciyarwa, miji ya ce shi har yanzu yana son matarsa, alƙali ya ɗage zama zuwa mako biyu ko uku, ya ce kowa ya zo da magabatansa a gwada sulhu. Wannan ɗagewa daidai ce, shari'a ba ta son a yi gaggawar rushe gida. Sai dai rahoton kan ƙare a nan, bai faɗi inda yaran za su kwana a makonnin ba, balle wanda zai auna musu hatsi.

Makonni biyun kuwa ba safai suke tsayawa a biyu ba. Yau sammaci bai isa hannun miji ba, gobe ya yi tafiya, jibi shaida bai zo ba. Idan aka kai ga hukunci wani ɓangare ya ɗaukaka ƙara, sai lissafin ya koma na watanni. A tsakanin nan matar ta riga ta yi yaji, tana gidan iyayenta a Unguwan Shanu ko Badarawa da na goye, manyan yaran kuma suna Kawo wajen kishiya ko uwar miji. Maigida ya ɗauke hannu daga cefane, hujjarsa ita ce ai ba shi ya kore ta ba, da ƙafarta ta fita. Zangon karatu ya zo ya wuce ba a biya kuɗin makaranta ba. Nauyin ya faɗa kan tsoho ɗan fansho da ya ɗauka ya gama aurar da 'ya'yansa ya huta.

Maganin da doka ta tanada shi ne umarnin wucin gadi: kotu ta faɗi, tun shari'a tana gudana, wanda zai riƙe yara da abin da uba zai riƙa bayarwa, har zuwa ranar hukuncin ƙarshe. Umarnin bai ce wane ne mai gaskiya ba, bai kuma ɗaure hannun alƙali a ƙarshe ba. A jihar Kaduna ƙofofi uku ne. Tun shekarar 2001, lokacin Gwamna Ahmed Maƙarfi, aka maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'a da kotunan al'ada, ga kuma Babbar Kotu da ke kan titin Bida, wadda ke sauraron shari'ar auren da aka ɗaura a rajista. A wannan ta ukun maganar a rubuce take. Dokar shari'o'in aure ta 1970, a sashe na 70, ta ba kotu ikon yanka kuɗin ciyar da mata ko yara kafin a kammala shari'a, bisa la'akari da samun kowane ɓangare da halayensa, sashe na 71 kuma ya sa maslahar yara a gaba da komai wajen riƙo.

Daga nan ne wasu suka ɗauka cewa umarnin wucin gadi kayan lauyoyi ne da masu auren rajista, ba ruwan talakan da liman ya ɗaura wa aure a masallacin unguwa. Ni dai a ganina wannan kuskure ne mai tsada, kuma yara ne ke biyan kuɗinsa. Littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su sun fi dokar 1970 matsa wa uwa ta nemi wannan umarni da wuri.

Ga dalili. A Muhtasar na Shehu Halilu an bambanta ciyar da mata da ciyar da 'ya'ya. Ciyar da mata bashi ne a wuyan miji mai hali: idan ya yi wata shida bai ba ta ba alhali tana da haƙƙi, za ta iya bin sa daga baya. Ciyar da ɗa kuwa an wajabta shi ne don toshe yunwar lokacin, saboda haka idan lokacin ya wuce ya faɗi, ba a bin uba bashin watannin baya, sai a hali biyu. Na farko, idan alƙali ya riga ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Na biyu, idan wanda ya ciyar da yaron ya yi ne da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba. To, a duba abin da wannan ke nufi ga matar da ta shigar da ƙara a watan Janairu aka yanke hukunci a Agusta. Idan tun zaman farko alƙali ya yanka wa uban wani adadi, duk watan da ya tsallake ya zama bashi tabbatacce. Idan ba a yanka ba, sai ta koma neman yadda za ta gamsar da kotu cewa tuwon da mahaifinta ya ciyar da jikokinsa wata bakwai ba kyauta ba ne. Wane kaka ne a ƙasar Hausa zai tsaya gaban alƙali ya rantse cewa rance ya ba jikansa? Kunya kaɗai ta isa ta wanke uban daga bashin. Shi ya sa zaman farko ya fi kowane zama muhimmanci ga yara, shi ne kuma zaman da yawancin mata ke ƙarewa wajen zayyana laifin miji, su fito ba su ambaci ciyarwa ba.

Hujjar "ita ta fita" ma ba ta kai inda maza ke kai ta ba. Gaskiya ne macen da ta fice ba da izini ba, ba da uzuri ba, ta ƙi komawa, tana iya rasa nata haƙƙin ciyarwa. Amma wannan tsakaninta da mijinta ne. Yaro bai yi yaji ba. Ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema, na 'ya mace har ta tare a gidan miji, ko uwar tana da gaskiya ko ba ta da ita. Mai ciki ma ana ciyar da ita saboda cikin. Sanannen labarin Hindu 'yar Utba, matar Abu Sufyan, wadda ta kai kukan rowar mijinta wajen Manzon Allah (SAW) aka yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada, ya nuna tun farkon Musulunci ba a jinkirta maganar abinci sai an gama bincike a kan wa ya fara laifi.

Batun riƙo ya fi wuya kaɗan. Bayan rabuwa hukuncin a fili yake: uwa ce ta fi cancanta, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ɓangaren uba. Namiji har ya balaga, mace har ta tare. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gani a unguwanninmu, inda da an yaye yaro sai a aiko a ɗauke shi, a ce ɗa na uba ne. Amma muddin igiyar aure ba ta tsinke ba, malamai sun ce riƙon haƙƙi ne na iyayen biyu tare. Lokacin shari'a kuwa aure na nan a hukunce, zama tare ne babu. Wannan giɓi an bar shi ne ga hangen alƙali, kuma ma'auninsa maslahar yaro. Magabata ba su ji tsoron amfani da irin wannan hangen ba. Idan mace ta yi ta kawo ƙarar cutarwa ba ta da shaida, alƙalin Malikiyya yakan ba da umarni a zaunar da ma'auratan cikin maƙwabta mutanen kirki da za su sa ido, idan abin ya ci tura a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. Duk waɗannan matakan wucin gadi ne. Alƙalin da ke da ikon sauya wa ma'aurata mazauni kafin hukunci, ba za a ce ba shi da ikon faɗin inda yaro ɗan shekara huɗu zai kwana.

Akwai kuma halin da ko jiran zama na gaba bai kamata ba. Uba ya bi ta makarantar Islamiyya ya kwashe yara, ya tura su ƙauye wajen danginsa. Ko uwa ta tattara su ta bar gari ba sallama. Ko a raba jariri da nono don a tilasta wa uwarsa komawa. Wanda ya yi haka ya san abin da yake yi: idan yaro ya yi wata takwas a wani gida, ya shiga makaranta a can, kotu za ta yi nauyin sake tumɓuke shi, sai ƙwace ya zama riƙo. Wani lokacin ma yaran ne jarin ciniki, a ce wa matar ta biya khul'i mai tsada ko ta yafe riƙo kafin a sake ta. Malikiyya sun yarda a yi khul'i a kan yafe riƙo idan ba zai cutar da yaro ba, amma sun kuma ce idan ta tabbata cutarwa ce ta sa mace ta fanshi kanta, a mayar mata da abin da ta bayar. Game da tafiya da yaro, sun yi maganar nisan baridi shida, wato fiye da kilomita 100, tare da sharaɗin tafiyar ta ƙaura ce ta dindindin, garin da za a je da hanyarsa kuma suna da aminci. Da wannan ma'auni, daga garin Kaduna, Zariya tana cikin da'ira, Kano da Abuja sun fita. Sharaɗin amincin hanya kuwa, wanda ya san abin da hanyar Birnin Gwari ta gani a shekarun nan ba zai ɗauke shi tsohon zance ba.

Idan da duka a ciki, dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ta tanadi umarnin kariya, ta kuma mai da korar abokin aure daga gida da watsar da iyali ba abinci laifi. Kaduna ta yi tata dokar a 2018, shekarar da ta kuma samar da dokar kula da yara da kare su.

Kada maza su ɗauka wannan umarni makami ne da aka wasa dominsu. Uban kirki yana cikin masu amfana. Akwai iyayen mata da ke rufe ƙofa, su hana uba ganin ɗansa ko a ranar Sallah, su karɓi kuɗin wata su yi adashi da shi. Shari'a ta bar wa uba haƙƙin duba ɗansa da tarbiyyarsa da zaɓa masa makaranta, yaron ya koma ya kwana wajen mai riƙo. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne uba ya ce a riƙa turo yaran su ci a gidansa, domin mai riƙo ce ke karɓar kuɗin ciyarwa a hannunta. Idan an rubuta adadin kuɗi, ranar biya da ranakun ziyara, uban da ke biya yana da shaidar da zai nuna, ba sai ya yi ta rantsuwa ba.

Ƙasashen Musulmi da suka zauna suka duba wannan matsala sun gane cewa ikon alƙali ba ya wadatarwa sai an ɗaura masa wa'adi. Maroko, wadda Malikiyya ce kamar mu, ta sa a dokar iyali ta 2004 cewa kotu na iya ɗaukar matakan wucin gadi don mata da yara ko da ba a roƙe ta ba, a zartar nan take, kuma a yanke shari'ar ciyarwa cikin wata ɗaya. Masar tun 1985 ta wajabta wa alƙali ya yanka ciyarwar wucin gadi cikin mako biyu da shigar da ƙara, daga baya ta sa Bankin Nasser ya riƙa biyan matar, shi ya bi mijin. Asusu irin na Masar sai gwamnati ta zuba kuɗi, wannan magana ce mai tsawo. Wa'adi kuwa ko kwabo ba ya ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne karɓo kuɗin. Ma'aikacin gwamnati ko na banki yana da albashin da ake gani. Amma mai sana'a a Panteka, ɗan tireda a Kasuwar Barci, mai tuƙa a-daidaita-sahu, wa ya san samunsa? A nan alƙalin kotun shari'a ya fi jojin Babbar Kotu dama, domin yana iya kiran mai unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa, ko yayan mijin ya tsaya masa. Yana iya yanka abin da nau'in abinci, mudu kaza na masara da shinkafa a wata, ga kuɗin cefane a kai. Wannan ya fi adalci a zamanin nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, har mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, adadin da aka yanka wa uba shekara uku da suka wuce yau ba zai kai yaro tsakiyar wata ba. A kuma biya ta hannun magatakardar kotu ko ta asusun banki, don kada a dawo ana musu a kan an bayar ko ba a bayar ba.

Kiran nan ga ofishin Girandi Kadi na jihar Kaduna ne: a fitar da umarnin aiki ga dukkan kotunan shari'a, cewa duk ƙarar aure da ke da yara a ciki, kada a ɗage zaman farko sai an rubuta wajen wa za su zauna, nawa uba zai bayar, yaushe ɗaya ɓangaren zai gan su, kuma ba mai fita da su daga gari sai da izinin kotu. Kafin a kai ga haka, ke da za ki shiga kotu, da waliyyin da zai raka ki, ku roƙi alƙali ya yanka ciyarwar yara a ranar farko, ku kuma karɓi kwafin umarnin a rubuce kafin ku bar harabar kotun.