Wannan x ɗin da kake tsoro, ai kuɗin ƙwai ne

Ka zauna teburin mai shayi da safe, an soya maka ƙwai uku, ka ɗauki biredin naira 500, ya ce kuɗinka 1,100. Kafin ka ciro waya ka tura masa, ka riga ka san yadda ya saka maka ƙwan: ka cire 500, saura 600, ka raba uku, 200 kowane. Ko biro ba ka taɓa ba.

Amma a rubuta maka 3x + 500 = 1,100 a takardar WAEC ko NECO, sai gabanka ya faɗi. Wallahi lissafin ɗaya ne. Kuɗin ƙwan ne aka sakaya sunansa, aka kira shi x.

Da yawanmu haddacewa muka yi cewa lamba in ta tsallaka ɗaya ɓangaren sai ta canza alama. Ni ma haka na rera shi a sakandare ban san dalili ba. Lamba fa ba ta tsallaka ko'ina. Alamar = sikeli ce, duk abin da ka yi wa hagu sai ka yi wa dama. Ka cire 500 nan, ka cire 500 can. Mai hadda shi ne zai yi saurin rabawa da uku, ya raba 3x da 1,100 ya manta da 500, amsarsa ta faɗo ƙasa da sifili. Wato mai shayin ne zai biya shi don ya ci ƙwai! Shi ya sa in ka samu amsa, mayar da ita cikin tambayar tukuna: 200 sau uku, a ƙara 500, ya ba da 1,100? To ka wuce.

Kalmar aljabra ma daga Larabci take, al-jabr, daga sunan littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Babu x ko ɗaya a ciki, da zance ya warware komai, har da rabon gado.

Lissafin siffofi kuwa, leƙa inda ake fitar da harsashin gini. Magini zai auna ƙafa 3 a igiya ɗaya daga kusurwa, ƙafa 4 a ɗayar, sannan ya auna tsakanin alamomin biyu. In ya samu 5, kusurwar ta tsaya daidai, digiri 90. In bai samu ba, ɗakin zai fito a karkace, mai tayil ya sha yanka. Ka'idar Pythagoras ke nan da aka sa ka haddace: 9 da 16 sun haɗa 25, shi ne 5 sau 5. A jarrabawa abu ɗaya za ka kiyaye, gefen da ya fi tsawo shi ne wanda ke fuskantar kusurwar 90. In an ba ka shi, wato 5, tare da 4, ragewa za ka yi: 25 a cire 16, saura 9, gefen da ake nema 3 ne.