Kuskure a jerin lambobi: yadda za ka gano shi kafin kuɗi su fita

Idan kai ne ke haɗa jerin ma'aikata don biyan albashi, ko sunayen manoman da za a raba wa taki, ko ɗaliban da za a yi wa rajistar jarrabawa, to hakkin mutane yana rataye da lambobin da ka buga. Yawanci a Excel ko Google Sheets ake wannan aiki, wato manhajojin da ke raba allo gida-gida kamar littafin lissafi. Alƙalami ɗaya ya kauce, albashin wani ya maƙale.

Wace irin lamba ake nufi?

Lambar da aikinta nuna mutum ko takarda. NIN da hukumar NIMC ke bayarwa tana da alƙaluma 11, BVN ma 11, lambar asusun banki a Najeriya kuma 10. Ba a tara irin waɗannan lambobi, ba a kuma raba su. Matsayinsu ɗaya da suna. Matsalar ita ce Excel ba ta san haka ba sai ka gaya mata.

Ta yaya kwamfuta da kanta ke ɓata lamba?

Nan ya kamata ka fi nutsuwa, domin wannan ɓarna tana faruwa ko da hannunka bai yi kuskure ba. Ka buga lambar waya mai farawa da 0803, ka danna Enter, sai sifirin farko ya ɓace, saura alƙaluma 10. A wurin Excel, sifiri a gaban adadi ba shi da amfani. Haka take yi wa duk asusun da ya fara da sifiri.

Lambar da ta kai alƙaluma 12 takan koma wani abu kamar 1.23457E+11. Wannan da sauƙi, lambar tana nan a ɓoye. Wanda ya fi muni shi ne Excel ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15. Lambar katin ATM mai 16, alƙalaminta na ƙarshe zai koma sifiri, kuma ba zai dawo ba.

Maganin yana zuwa ne kafin a fara bugawa. Ka zaɓi layin gaba ɗaya daga sama har ƙasa, ka mayar da tsarinsa zuwa Text, wato ka ce mata rubutu ne. Ko ka sa alamar ' a gaban lambar. Idan sai bayan sifirin ya tafi ka sauya tsarin, ka makara, sai ka koma takardar asali.

To kuskuren hannu fa?

Mutum yakan tsallake alƙalami, ko ya maimaita shi, ko ya juya biyu da ke maƙwabtaka: 4729 ta zama 4279. Wani ya buga harafin O a wurin sifiri. Ido ba ya kama waɗannan a jerin mutum 600, musamman da yamma bayan an gaji.

Fara da tsawo. Idan lambar farko tana gidan A2, a gidan da ke kusa da ita ka rubuta =LEN(A2), ka ja shi ƙasa. LEN tana ƙirga alƙaluman da ke cikin gida. Idan jerin NIN ne, duk inda ka ga 10 ko 12 akwai magana. Wani lokaci gurbi ne da ba a gani a ƙarshen lambar, wanda TRIM ke sharewa.

Sai maimaici. =COUNTIF(A:A,A2) tana faɗa maka sau nawa lamba ta fito. Idan ka ga 2, kada ka yi saurin gogewa ko zargin wani da cuta. Yana iya yiwuwa an kwafo lambar Malam Sani an manna a layin Malam Isa, to goge ɗaya zai bar mai gaskiya a waje.

Idan tsawon daidai ne, babu maimaici, shi ke nan?

A'a. Lambar da aka juya tana tsallake gwaje-gwajen nan biyu. Saboda haka aka ƙirƙiro alƙalamin tantancewa: alƙalami na ƙarshe da ake samowa ta lissafi daga sauran. A tsarin NUBAN na Babban Bankin Najeriya, cikin alƙaluma 10 na asusu, tara na farko su ne ainihin lambar, na goma kuma ana fitar da shi daga su da lambar bankin. Katunan ATM suna amfani da lissafin Hans Peter Luhn, injiniyan kamfanin IBM. Lissafinsa yana kama duk kuskuren alƙalami ɗaya da kusan duk juyin maƙwabta, ban da 09 da 90.

Sai dai wannan gwaji yana nuna cewa lambar ta dace da ƙa'ida ne kawai, bai san mai ita ba. Don haka idan kuɗi za a tura, ka duba sunan da manhajar banki ta fito da shi, ka gwada da na jerinka.

Nawa zai ci maka?

LEN da TRIM da COUNTIF duk suna cikin manhajar, ba a biyan ko kwabo. Lokaci kawai suke ci, minti kaɗan. Wanda ya fi cin lokaci shi ne mutum biyu su buga jeri ɗaya kowa da kansa, sannan =EXACT(A2,B2) ta nuna inda suka saɓa. A ganina jerin biyan kuɗi ya cancanci wannan wahala, domin dawo da kuɗin da suka faɗa asusun wani yakan ɗauki zarya zuwa banki, wani lokaci har da takardar kotu.