An Hana Ka Katin Bashi? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Kai Kuka

Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi domin amfanin ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'o'in hannu waɗanda suka nemi katin bashi a banki aka hana su. Da yawa daga cikinsu sukan fita banki rai a ɓace, suna zaton ƙiyayya ce ko rashin sanayya. Waɗansu sukan haƙura alhali suna da gaskiya, waɗansu kuwa su yi ta zarya alhali ba su da hujja. Nufinmu shi ne mai karatu ya san yadda banki yake yanke shawara, da haƙƙin da doka ta ba shi, da lokacin da kai kuka yake da amfani.

MENE NE KATIN BASHI MAI RAGI?

Katin da yawancin mutane suke riƙe da shi na cire kuɗi ne, watau abin da ka ajiye shi za ka ɗauka. Katin bashi dabam yake. Kuɗin banki ne kake kashewa, har iyakar adadin da aka yanka maka, sa'an nan ka biya a ƙarshen wata. Idan ka biya duka cikin wa'adi, galibi ba a ɗora maka kuɗin ruwa a kan sayayya. Idan ka bar saura, sai ruwa ya hau kansa.

An soma irin wannan kati a Amurka. Diners Club ya fito a 1950, sa'an nan Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda daga baya ya zama Visa. A tsakiyar shekarun 1980 katin Discover ya shahara da mayar wa mai saye wani ɗan kaso na abin da ya kashe. Wannan shi ne ragin da muke magana. Ya yi kama da gyaran da mai hatsi yake yi maka a Kasuwar Muda Lawal bayan ya auna tiya. Ba domin ya yi asara yake yi ba, sai domin ka dawo gobe. Banki kuwa yana samun abin da yake mayarwa daga la'adar da yake karɓa a hannun masu kantuna, da kuma kuɗin ruwan da masu jinkiri suke biya.

YADDA BANKI YAKE DUBA MAI NEMA

Da yake katin bashi ba shi da jingina, babu gida ko gona da za a riƙe, banki ba shi da abin dogara sai tarihin mutum da abin da yake samu. A da, manaja yakan dogara ga sanin ido da shaidar mai tsaya wa mutum. Yanzu rubuce-rubuce ne suke magana.

A 14 ga Fabrairu 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda ta haɗa dukan asusun mutum ƙarƙashin shaida ɗaya. A 30 ga Mayu 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan Dokar Bayanan Bashi. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da suke tara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu labarin wanda ya ci bashi, da nawa ne, da yadda yake biya. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan kafin su ba da rance. Kamfanin CRC har maki yake ba mutum, daga 300 zuwa 850. Gwargwadon yawan makinka, gwargwadon amincewar banki da kai.

Saboda haka bashin da mutum ya ci a wani ƙaramin banki a Azare ko Kano zai iya bayyana sa'ad da ya shiga wani banki dabam a cikin garin Bauchi.

DALILAN DA SUKAN SA A HANA

Na farko, tsohon bashi da ba a biya ba, ko wanda aka biya bayan an sha jinkiri. Ƙaramin rance na wayar hannu ma yakan shiga lissafi.

Na biyu, nauyi ya riga ya yi wa albashi yawa. Dokar Ƙwadago ta ce abin da za a yanke daga ladan ma'aikaci a wata kada ya wuce sulusi, bankuna da yawa kuma da ma'auni irin wannan suke aiki. A ce ga ma'aikaci mazaunin Gwallaga, albashinsa bayan haraji Naira 150,000 ne. Sulusi ya kama Naira 50,000. Idan ana cire masa Naira 40,000 kowane wata saboda rancen babur, saura Naira 10,000 ke nan. Banki zai ga babu wurin da sabon bashi zai zauna.

Na uku, rashin tarihi. Ɗan kasuwa a Wunti yana iya juya kuɗi masu yawa a rana, amma idan duk hannu da hannu ne, banki bai ga kome ba. Wanda bai taɓa cin bashi ba shi ma babu abin da za a auna shi da shi.

Na huɗu, saɓanin suna ko ranar haihuwa. Idan BVN ta ce Muhammadu, lambar ɗan ƙasa ta NIN ta ce Mamman, takardar albashi kuma ta ce wani abu dabam, na'ura tana iya ture takardar tun kafin wani ma'aikaci ya karanta ta.

Na biyar, tsaya wa wani. Idan ka sa hannu ka lamunce wa aboki rance ya kasa biya, abin yana iya shafarka.

Na shida, cek na bogi. Tun 1977 doka ta mai da ba da cek alhali babu kuɗi a asusu laifi, ana kuma kai sunayen masu maimaita shi ga kamfanonin tarihin bashi.

Na bakwai, kuskure. Mai yiwuwa ka biya bashi amma ba a share ba, ko an haɗa ka da mai suna irin naka, ko wani ya ci bashi da shaidarka ba da saninka ba.

ABIN DA ZA KA FARA YI

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka yi fushi, koma reshen da ka nema, ka roƙi a gaya maka dalili, in da hali a rubuce. Bayan haka ka nemi rahoton bashinka. Kowane mutum yana da haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanin tarihin bashi. Kyautuwa ya yi ka nemi na duka ukun, domin abin da ke wurin wannan wani lokaci babu shi wurin wancan. Ka zauna ka karanta layi bayan layi: suna, da ranar haihuwa, da kowane rance, da ragowar da aka rubuta, da sunayen waɗanda suka bincika ka.

Da ka gama za ka ga kana cikin ɗayan hali uku.

HALI NA FARKO: AN YI MAKA KUSKURE

A nan lalle ne ka kai kuka, ko da ka daina son katin. Baƙin tabo a rahoto ba ya tsayawa a kan kati kaɗai. Zai tare maka rancen noma, da na gida, da na jari. Ka rubuta takarda zuwa ga bankin da ya aika da labarin, da kuma kamfanin da ya buga shi. Ka haɗa da kwafin rasiɗi, da bayanin asusu, da takardar shaidar gama biyan bashi. Kada ka ba da na asali. Dokar 2017 ta ba su kwana 10 na aiki su warware. Idan ba su yi ba, sai ka miƙa maganar ga Babban Banki, idan nan ma ba a daidaita ba, ƙofar kotu a buɗe take. Bayan an gyara, ka sake karɓar rahoto ka gani da idonka, sa'an nan ka koma banki ka nemi a sake duba takardarka.

HALI NA BIYU: TAKARDU NE BA SU CIKA BA

Wannan ba ya bukatar ƙara. Idan saɓanin suna ne, sai ka gyara a bankinka ko a ofishin Hukumar NIMC, gwargwadon inda kuskuren yake. Idan samunka ya ƙaru, ko an yi maka ƙarin girma, ko kana da wata hanyar samu ta halal da banki bai sani ba, ka kawo shaida ka roƙi a sake dubawa. Kana kuma iya neman adadi ƙasa da na farko. Sau da yawa bankin da albashinka yake shiga ya fi sauƙin saurarenka, domin yana ganin shige da ficen kuɗinka.

HALI NA UKU: ABIN DA AKA RUBUTA GASKIYA NE

A nan kai kuka ɓata lokaci ne. Ya kamata kowa ya gane cewa ba da rance ciniki ne, babu kuwa hukumar da za ta tilasta wa banki ya ba wani bashi. Abin da hukuma take kare maka shi ne a rubuta gaskiya a kanka, a yi maka bayani sosai, kada kuma a cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba.

Kada ka yi ta yawo daga wannan banki zuwa wancan cikin mako guda. Kowane bincike ana rubuta shi, mai ba da rance kuwa idan ya ga an yi ta bincikar mutum a jere yakan ɗauka a matse yake. Kada kuma ka yi zaton sauya banki zai ɓoye tsohon bashi. Tun 1 ga Agusta 2020 aka soma aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ɗebo bashinsa daga asusun mutum da ke waɗansu bankuna, muddin ya sa hannu a kan yarjejeniyar sa'ad da ya karɓi rancen.

Maganin shi ne ka je wurin mai binka, ku daidaita yadda za ka biya, ka biya, ka karɓi takardar shaida. Ɗan kasuwa ya riƙa shigar da cinikinsa ta asusu. Bayan waɗansu watanni na biya a kan kari, sai ka sake gwadawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin sa ba abin kunya ba ne, ƙin biya ne yake zubar da mutunci.

YADDA AKE KAI KUKA GA BABBAN BANKI

A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya kafa sashe na musamman domin kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ƙa'ida ita ce ka fara da bankinka. Ka shigar da kukanka a rubuce, ka karɓi lambar shaidar shigarwa, ka ajiye kwafi. Ka ba su mako biyu, ko kwana 30 idan maganar rance ce ko cire kuɗi fiye da kima. Idan wa'adi ya cika ba a biya maka bukata ba, ka rubuta wa Daraktan sashen. Ba sai ka je Abuja ba, ana karɓar takarda a rassan Babban Banki, akwai kuwa reshe a garin Bauchi. Ka rubuta sunanka, da sunan banki da reshe, da ranar da abin ya faru, da yawan kuɗin, da abin da kake so a yi maka, da shaidar cewa ka fara kai kuka bankin. Ba a biyan ko kwabo. Idan masu ba da rance ta waya ne suke tozarta ka wurin dangi da abokai, Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ce mai sauraron wannan.

KATIN YA CANCANCI WAHALAR?

Kafin ka ɗaura ɗamarar neman a sake dubawa, yi wannan lissafi. A ce kati yana mayar da kashi 1 cikin 100, kuɗin ruwansa kuma kashi 3 cikin 100 ne a wata. Ka yi sayayyar Naira 100,000, an mayar maka Naira 1,000. Idan ka kasa biya wata ɗaya, ruwa ya ci Naira 3,000. Ragin ya tafi, ka kuma ƙara Naira 2,000 daga aljihunka, ban da kuɗin katin kansa. Alƙaluman nan misali ne kawai, kowane banki da nasa, saboda haka ka nemi a rubuta maka su kafin ka sa hannu. Ka tuna a Nuwamba 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a shekara, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu bisa wannan. Ragi yana amfanar wanda yake biya duka kowane wata ne kaɗai. Ga wanda ba haka ba, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Wanda ba ya son hulɗa da kuɗin ruwa saboda addini yana da mafita. Bankin Jaiz ya soma aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. Irin waɗannan bankuna sukan sayi kaya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Sai dai su ma suna duba tarihin bashi. Haka nan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP domin sauƙaƙa wa ma'aikata samun rancen biyan bukata ta hannun bankuna.

GARGAƊI

Ku yi hattara da masu cewa a ba su kuɗi su goge suna daga rahoto. Bayanin gaskiya ba ya gogewa da cin hanci, na ƙarya kuwa kyauta ake gyara shi. Kada ka gaya wa kowa lambar sirri ta katinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya, ko da ya ce daga banki yake.

A ƙarshe, muna kira ga kowane ɗan ƙasa ya riƙa duba rahoton bashinsa sau ɗaya a shekara, ko yana neman rance ko ba ya nema, domin rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.