Silin Gashi Guda Ya Isa Ya Halaka Kyamara A Ƙarƙashin Teku

Masu karatu da yawa sun sha ganin hotunan kifaye da murjani da tsofaffin jiragen ruwa da suka nutse, a cikin littattafai ko a majigi, su kan kuma yi mamakin yadda aka ɗauko su. Masu wannan aiki su kan goya tukunyar iska a baya su yi nutso, kyamara kuwa a sa ta cikin wani akwati na ƙarfe ko na roba mai tauri, mai tagar gilashi a gaba, da madannai a waje waɗanda su ke taɓa na kyamara a ciki. Babban abin tsoronsu shi ne yoyo. Ruwan teku da gishiri ya ke, in kuwa ya shiga kyamarar zamani mai aiki da batir, da wuya ta sāke moruwa.

Wannan wahala ta daɗe. A shekarar 1856 wani Bature, William Thompson, ya sa kyamara cikin akwati ya zura ta cikin teku a Weymouth, a kudancin Ingila, zurfin kamar ƙafa 18. Da ya jawo ta sai ya tarar ruwa ya shiga, ko da ya ke hoton ya fito dishi-dishi. Ashe hoton farko da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa, da yoyo aka fara shi. A 1893 Louis Boutan, wani masanin halittun teku, ya yi nutso da kansa a Banyuls, a kudancin Faransa, da akwatin da ya maƙala wa jakar roba cike da iska. In ruwa ya matse jakar sai iska ta shiga akwatin, ƙarfin ciki da na waje su daidaita.

Don a gane dalilin wannan dabara, bari mu yi ɗan lissafi, malaman makaranta ma sā iya ba yara shi a allo. Iskar da mu ke zaune cikinta tana danna kowane inci murabba'i da nauyin kusan laba 15. Duk ƙafa 33 da mutum ya sauka cikin teku, watau mita 10, sai ruwa ya ƙara wani nauyi kamar wannan. A zurfin ƙafa 100 ƙarin ya kai wajen laba 44 a kan kowane inci. To, a ce murfin akwati inci 6 ne tsawo, 4 faɗi, ka ga inci 24 ke nan. Nauyin da ke kansa ya haura laba 1,000, kusan rabin tan.

Abin da ke tare wannan ruwa duka wani ɗan zoben roba ne, kaurinsa bai fi na igiyar takalmi ba, wanda ke kwance cikin gurbi kewaye da bakin murfi. Niels Christensen, mutumin Denmak mazaunin Amurka, shi ya nemi rajistarsa a 1937. Da irin wannan zobe aka toshe kyamarar Calypso, wadda Jean de Wouters ya ƙera wa Jacques Cousteau, wadda kuma kamfanin Nikon na Japan ya riƙa sayarwa da sunan Nikonos daga 1963.

Ga inda mutane su kan yi kuskure. Su kan zaci zurfi ne ke kawo yoyo, alhali kuwa ruwa in ya danna zoben, ƙara cusa shi ya ke yi cikin kafar da ke tsakanin murfi da akwati, ya ƙara toshe ta. Muddin ba a wuce zurfin da maƙera suka ƙayyade ba, zobe ya fi kamawa a ƙasa. A saman ruwa ne ya ke sako-sako, shi ya sa akwatuna da yawa su kan sha ruwa cikin ƙafa goma na farko, ko ma cikin bahon ɗauraya a kan jirgi, inda a ke jibga su suna karo da juna. Sabo da haka ne kuma mai nutso ba ya tsalle cikin ruwa da akwati a hannu. Sai ya shiga tukuna, sa'an nan a miƙo masa.

Mu a ganinmu, yawancin laifin na mai rufe akwati ne, ba na teku ba. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Silin gashi guda, ko ƙwayar yashi, ko zaren tawul, in ya gitta a kan zoben, ya buɗe wa ruwa hanya ke nan. Ƙwararru ba su haɗa akwati a kan jirgi yana tangaɗi, abokai na kira a yi sauri. A ɗaki su ke yi, inda haske ya wadata, tun da dare ko da sassafe. Za a matsa zoben da yatsu biyu har ya taso a cire shi, ba a sa wuƙa ko allura. A goge gurbin da ƙyalle marar zare, a bi zoben da yatsa a ji ko akwai tsaga ko yashi, sa'an nan a shafa masa giris ɗan kaɗan, iyakar ya yi sheƙi.

Batun giris ɗin nan yana son bayani. Ba shi ke tare ruwa ba, aikinsa ya sa zoben ya yi santsi ya zauna daidai ba tare da ya murɗe ba. Wanda ya lafta shi da yawa, da niyyar ƙara tsaro, tarko ya ɗana wa yashi da gashi. Kuma ba kowane giris ya dace da kowane zobe ba, akwai wanda ke kumbura roba har ta fita daga gurbi, don haka sai a tsaya ga wanda maƙeran akwatin suka bayar.

Bayan an rufe sai gwaji. Sabon akwati, ko wanda ya dawo daga gyara, a kan fara nutso da shi ba kyamara, a sa takarda mai shan ruwa a ciki, a dawo a duba. Akwatunan yanzu da yawa suna da wata 'yar kafa inda a ke sa ƙaramin famfo a zuƙe iskar ciki. In an jima fitila tana nan kore, iska ba ta koma ba, inda kuwa iska ta kasa shiga ruwa ma da wuya ya shiga. Wannan, in an lura, kishiyar dabarar Boutan ce: shi iska ya ke ƙarawa, su kuwa ragewa su ke yi, don murfi ya danne zoben tun ba a taɓa ruwa ba.

Ba duk danshi ne yoyo ba. In an rufe akwati da iska mai ɗumi da laima aka shiga ruwa mai sanyi, gilashi ya kan yi gumi daga ciki. Maganinsa kada a bar akwati a rana, a kuma sa 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi, amma a kula kada gefen ƙunshin ya shiga bakin murfi. In an fito, a jiƙa akwati cikin ruwan daɗi a daddanna madannai tun bai bushe ba, gama gishiri in ya bushe ya kan zama ƙwayoyi masu kaifi da ke yanka ƙananan zobban da ke ƙarƙashin kowane madanni.

To, in duk da haka mai nutso ya ga ɗigon ruwa a ciki fa? Nan ne haɗarin ya ke barin dukiya ya koma kan rai. Zuciya za ta ce masa ya yi sama da gudu ya ceci kyamara, wanda kuwa ya taso da gaggawa daga zurfi, iskar da ta narke cikin jininsa ta kan yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Ma'aunin da sojojin ruwan Amurka su ke bi shi ne ƙafa 30 a minti guda. Sai ya juya tagar gilashi ƙasa don ruwan ya taru can nesa da kyamara, ya yi wa abokin nutsonsa ishara, su taso tare a hankali suna numfashi yadda suka saba. In sun hau jirgi a goge bayan akwatin, a buɗe shi tagar tana ƙasa, a fara cire batir da katin hotuna.